Labarin Kogon Malamin Sama na Dutsen Cinceng a Ƙasar Sin

A kudu maso yammacin ƙasar Sin akwai wani babban lardi da ake kira Sicuwan, wanda mutanen dā suke kira Shu. Babban birninsa shi ne Cengdu. In mutum ya fita daga Cengdu ya nufi arewa maso yamma, ya yi tafiyar kamar mil 40, sai ya iske gonakin shinkafa sun ƙare, duwatsu sun tare gaba. A cikin duwatsun nan akwai wanda ake kira Cinceng, ma'anar sunan kuwa Koren Birni, domin kawunansa, waɗanda mutanen wurin suke ƙidaya su 36, sun yi da'ira kamar ganuwa, itatuwansa kuma kore shar suke rani da damina. Ƙololuwar da masu ziyara suke hawa ta ɗara ƙafa 4,000 bisa teku. Wuri ne mai yawan hazo da yayyafi, sau da yawa rana takan fito ta fāɗi ba a ga ƙwayarta ba.

A tsakiyar hawan dutsen, inda wani bangon dutse ya miƙe tsaye kamar an sare shi da gatari, akwai wani gidan ibada na katako da aka jingina da dutsen. A bayan gidan akwai matakala, ita ce take kai mutum bakin wani ɗan kogo. Kogon ba shi da wani girma, amma a cikinsa akwai mutum-mutumi na dutse, siffar wani dattijo mai gemu da kwarjini, wanda aka ce an sassaƙa shi tun zamanin daular Suwi, wato shekara 1,400 da suka wuce. Wannan shi ne kogon da Sinawa suke kira Tiyanshi Dung, wato Kogon Malamin Sama. Dattijon kuwa sunansa Jang Dawling, shi ne wanda mabiya addinin Tawo suke ɗauka ya fara tara su suka zama jama'a guda mai shugabanni da dokoki.

Kafin a shiga labarin kogon ya kamata a san abin da ake nufi da Tawo. Ma'anar kalmar ita ce Hanya. Asalin koyarwar yana cikin wani ɗan littafi da ake kira Tawo Te Cing, mai babi 81, wanda ake danganawa ga wani mai hikima na zamanin dā da ake kira Lawzi. Littafin yana horon mutum da tawali'u, da ƙana'a, da barin tilasta wa al'amura. Shekaru ɗaruruwa masu ilmi suna karanta shi kamar littafin hikima kawai, daga baya ne aka ɗaukaka Lawzi har aka mai da shi abin bauta.

Kogo kuwa yana da babban matsayi a wurin mutanen Tawo. A ganinsu manyan duwatsu ba a cushe suke ba, a cikin cikinsu akwai wata duniya mai ranarta da watanta, inda waɗanda suka tsira daga mutuwa suke zaune, kogo shi ne ƙofar shiga. Wani malaminsu da ake kira Sima Cengjen, wanda ya rasu a shekara ta 735 ta Miladiyya, ya jera irin waɗannan wurare: manya guda 10, ƙanana 36, da waɗansu wurare masu albarka guda 72. A cikin manyan nan goma, Cinceng ne na biyar.

To, ga labarin da mutanen wurin suke bayarwa, kaka da kakanni.

Wai a zamanin daular Han, ƙasar Shu ta cika da aljannu, har mutum da aljani suka cuɗanya, ana haɗuwa da su a kasuwa da rana tsaka ba a iya rarrabewa. Aljannun suna da sarakuna shida da sarakunan yaƙi takwas, kowane sarkin yaƙi da irin cutar da yake yaɗawa, wannan zazzaɓi, wancan gudawa, wani ƙuraje, wani hauka. Mutane suna mutuwa kamar ƙudaje, waɗanda suka rage kuwa suka ƙarar da dabbobinsu wajen yanka domin neman sauƙi, amma ko kaɗan cutar ba ta lafa ba.

A lokacin nan Jang Dawling yana halwa a wani dutse da ake kira Heming, wanda ba shi da nisa da Cinceng. Wai a shekara ta 142 Lawzi ya sauko daga sama ya bayyana gare shi, ya naɗa shi Malamin Sama, ya ba shi littattafai, da hatimi, da takubba biyu, mace da namiji, ya umurce shi ya tafi ya raba mutane da aljannu. Sai ya ɗauki almajiransa biyu, Wang Cang da Jaw Sheng, ya hau Cinceng, ya kafa mazauni a bakin kogon nan, ya buga ƙararrawa.

Da aljannu suka ji, sai suka yiwo gayya. Suka yi masa ruwan kibau da duwatsu, ya nuna su da yatsa, kibau suka zama furanni. Suka kunna wuta suka kewaye shi, ya sake nunawa, wutar ta juya ta koma kansu. Da sarakunan aljannu suka ga ƙarfi bai yi ba, sai suka ce a gwada buwaya. Aka shiga wuta, ya fito lafiya, su kuwa suka babbake gira. Aka shiga ruwa, ya fito a bushe, su suka jiƙe sharkaf. Wai a cikin wannan karo ne suka mirgino masa wani ƙaton dutse, ya zare takobi ya sare shi, dutsen ya rabe uku.

Amma abin da ya kashe faɗan, in ji masu labari, alƙalami ne. Sinawan dā ba da kara suke rubutu ba, alƙalaminsu na gashi ne. Malamin ya tsoma nasa cikin jan tawada ya zāna a sararin sama, nan take rundunar aljannu ta zube ƙasa ba mai iya motsi. Sarakunansu suka durƙusa suna neman gafara. Ya tashe su, ya sa suka yi rantsuwa a kan sharaɗi: rana ta mutane ce, dare na aljannu, manyansu kuma su yi ƙaura zuwa ƙasashen da ba kowa. Sa'an nan ya jefa alƙalamin ga dutse don ya zama shaida, dutsen ya tsage daga sama har ƙasa. Wannan tsaga ita ce iyaka.

Har yau ana nuna wa baƙo alamun labarin nan. Kusa da gidan ibadar akwai ƙaton dutsen da ya rabe uku, ana bi ta tsakaninsa a kan 'yar matakala. Gaba kaɗan akwai wani kwazazzabo mai zurfin gaske, hanya ta manne da bangonsa, shi ake kira Ramin Jefa Alƙalami. A harabar gidan kuma akwai wani tsohon itacen ginko, mai ganye kamar mafici, wanda yakan zama rawaya jur da kaka. Kaurinsa sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su kewaye shi, an ce Malamin ne ya dasa shi da hannunsa.

Akwai wani ƙarshe na labarin da ba kowa yake kula da shi ba, alhali kuwa nan ne gishirinsa. Wai bayan nasara Lawzi ya aiko wa Malamin cewa an aike shi ne ya raba mutane da aljannu kawai, shi kuwa ya zarce, ya kashe aljannu fiye da kima, ya cika sararin sama da ƙarnin kisa, wannan kuwa ba halin Hanya ba ne, domin Hanya rai take so. Saboda haka aka jinkirta masa sakamakonsa, aka sa shi ya koma halwa waɗansu shekaru yana tuba. Sai a shekara ta 156, wai yana da shekara 123, aka ɗauke shi zuwa sama da rana tsaka tare da almajiransa biyu. Mai karatu zai lura, labarin da kansa ya zargi takobi, ya yabi alƙalami.

Wannan shi ne labarin baka. Yanzu sai a duba abin da littattafan tarihi suka ce.

Mafi daɗewar bayani mai ƙarfi yana cikin Tarihin Dauloli Uku, wanda Cen Shaw ya rubuta a ƙarni na 3. Littafin ya ambaci wani mutum Jang Ling, baƙo ne a Shu, daga gabas ya zo, ya zauna a dutsen Heming yana rubuta littattafan Tawo. Bai ambaci yaƙi da aljannu ba, bai kuma ce ya zauna a Cinceng ba. Waɗannan a littattafan baya ne suka fito. Marubucin ma'aikacin sarki ne, ba ya ƙaunar mutanen nan, ya ce Jang Ling ruɗin talakawa yake yi, ya ce ana yi wa mabiyansa laƙabi ɓarayin shinkafa, saboda kowane gida da ya bi shi yakan ba da awo biyar na shinkafa. Daga nan ne aka sami sunan da aka fi saninsu da shi, wato Hanyar Awo Biyar na Shinkafa.

Zamanin kuwa na wahala ne ƙwarai. Daular Han ta tsufa, fadawa sun rinjayi sarakuna, hakimai suna cin talakawa, annoba tana zuwa tana komowa. A shekara ta 184 talakawa suka yi wani babban bore a gabashin ƙasar, wanda ake kira na Masu Rawayan Rawani. Talaka in ciwo ya kama shi ba shi da wurin zuwa sai wurin boka, boka kuwa ya ce iskar wuri kaza ce ta taɓa shi, sai an yanka alade ko sa. Haka gida yakan tsiyace, mara lafiya kuma ya mutu.

Abin da jama'ar Jang suka zo da shi sabon tsari ne. Suka hana yanka ga iskoki ɗungum. Ƙa'idarsu, yadda littattafansu na baya suka bayyana ta, ita ce abin bauta na gaskiya ba ya bukatar ci ko sha, malami kuma ba ya karɓar kuɗin aiki. Suka ce cuta daga laifin mutum take fitowa. In wani ya kwanta ciwo sai a kai shi wani ɗaki na kaɗaici ya zauna ya tuna laifofinsa. Sa'an nan malami ya rubuta sunansa da tubansa a takarda uku: ɗaya a kai kan dutse domin hukumar sama, ɗaya a binne domin hukumar ƙasa, ɗaya a jefa a kogi domin hukumar ruwa. Wato sun ɗauki duniyar ɓoye kamar wata gwamnati ce mai ofisoshi da ma'aikata, wadda ba a zuwa mata da toshi, sai da takardar koke rubutacciya bisa ƙa'ida, da hatimi a kanta.

Suka raba ƙasar gunduma 24, kowace da shugabanta, maza da mata duk suna riƙon muƙami. Kowane gida yana cikin rajista. Sau uku a shekara ake taruwa a gyara rajistar, a shigar da waɗanda aka haifa, a fitar da waɗanda suka mutu, domin a ganinsu akwai irin wannan kundi a sama, dole na ƙasa ya yi daidai da shi. Wanda ya shiga jama'ar akan ba shi takarda mai jerin sunayen mayaƙan ɓoye waɗanda za su tsare shi. Abin mamaki, sabon shiga sunan da ake kiransa da shi, in ji littafin tarihin, shi ne dakaren aljannu.

Bayan Jang Ling ɗansa Jang Heng ya gāje shi, bayansa kuma jikansa Jang Lu. Shi Jang Lu har ƙasa ya ci. Ya kama kwarin Hanjung, arewa da Shu, wajen shekara ta 190, ya mallake shi fiye da shekara 20, ba hakimai, shugabannin addini su ne masu mulki. Ya sa aka gina masaukai a bakin hanya, aka ajiye shinkafa da nama kyauta, matafiyi ya ci iyakar cikinsa. Wanda ya yi zari ya ɗebi fiye da bukatarsa, an ce ciwo zai kama shi. Mai laifi akan yafe masa har sau uku kafin a hukunta shi. Mai ƙaramin laifi kuwa akan sa shi ya gyara hanya taki ɗari. Aka hana giya, aka hana kashe dabbobi a watannin da suke hayayyafa.

A shekara ta 215 babban mayaƙin arewa, Tsaw Tsaw, ya kawo yaƙi Hanjung. Da Jang Lu ya ga ba dama zai gudu, mutanensa suka ce a ƙone rumbuna da baitulmali kada abokin gāba ya samu. Ya ƙi, ya ce dukiyar ƙasa ce, ya rufe su ya buga hatimi, ya tafi. Da Tsaw Tsaw ya shiga ya ga haka, abin ya ƙayatar da shi, ya aika aka kira shi, ya ba shi sarauta shi da 'ya'yansa biyar. Amma ya kwashe dubban mutanen Hanjung ya watsa su a arewacin Sin. Ƙasarsu ta rushe, addininsu kuwa ta haka ya bazu ko'ina.

In an ɗora labarin kogo a kan wannan tarihi, sai a ga ba tatsuniya ce ta banza ba. Masu binciken tarihin Tawo da yawa suna ganin aljannun da aka yaƙa su ne iskokin matsafar gargajiya masu shan jini, da bokayen da suke ci da su. Cututtukan da sarakunan yaƙi takwas suke yaɗawa su ne annobar zamanin. Rantsuwar da aka yi, ta raba rana da dare, ita ce sabuwar doka mai hana mutane hulɗa da iskoki. Alƙalamin da ya tsaga dutse kuwa shi ne alƙalamin da ya rubuta rajista da takardun koke. Talakan da bai iya karatu ba, wanda ya ga takarda ta yi masa abin da dā sai da jinin sa ake yi, ba mamaki in ya gaya wa jikokinsa cewa alƙalamin Malam dutse ma yana tsagawa.

Shekaru wajen 600 bayan Jang Dawling, sai da aka sake bukatar alƙalami a wannan wuri, wannan karo kuwa tsakanin mutane da mutane. An gina gidan ibada na farko a bakin kogon a zamanin daular Suwi, tsakanin shekara ta 605 da ta 618, daga baya aka sa masa suna Cangdaw, wato Dawwamammiyar Hanya. Amma addinin Buda, wanda ya shigo daga Indiya, ya yi ƙarfi a Sin, musamman a zamanin Sarauniya Wu, wadda ta yi mulki daga 690 zuwa 705, ta kuwa fifita shi. Masu zuhudu na Buda daga wani gidan ibada na gindin dutsen suka hau suka mamaye Cangdaw, malaman Tawo suka kai kuka fāda.

Sarkin zamanin shi ne Shuwanzung na daular Tang, wanda ya hau gado a 712. Sarakunan Tang suna da'awar su zuriyar Lawzi ne, saboda haka kukan bai faɗi ƙasa ba. A shekara ta 724 Sarki ya rubuta wa hakimin lardin takarda da hannunsa, ya umurta a mayar wa mutanen Tawo gidansu, mutanen Buda su koma tsohon wurinsu a wajen dutsen, kowa ya tsaya inda yake, kada wani ya shiga haƙƙin wani. Abin lura shi ne bai ce a rushe gidan kowa ba, bai ce a kori kowa daga ƙasar ba. Iyaka kawai ya ja. Aka sassaƙa takardar a kan allon dutse da irin rubutun hannun Sarki. Allon yana nan har yau a wani ɗaki na gidan, tare da mutum-mutumin sarakunan farko uku na almarar Sin, waɗanda aka sassaƙa a shekara ta 723.

Daga nan dutsen ya zama matattarar malaman Tawo. Mafi shahara a cikinsu shi ne Du Gwangting, wanda ya rayu daga 850 zuwa 933, ya ƙare kwanakinsa a Cinceng yana tattara littattafan addininsu da yaƙe-yaƙe suka warwatsa. A tsakiyar ƙarni na 17, lokacin da daular Ming ta fāɗi, yaƙi ya cinye Sicuwan, mutane suka ƙare, gidajen ibada suka zama kango. A shekara ta 1669 wani malami, Cen Cingjuwe, ya zo daga dutsen Wudang ya tayar da wurin. Shi kuwa ɗan wata ɗariƙa ce dabam da ake kira Cuwanjen, wadda malamanta ba su aure, ba su cin nama. Tun daga lokacin su ne masu riƙon kogon. Zuriyar Jang Dawling kuwa, waɗanda malamansu suke aure suna zaune cikin jama'a, tun da daɗewa mazauninsu yana can dutsen Lunghu a lardin Jiyangshi, suna gādon laƙabin Malamin Sama ɗa bayan uba, har na 63 ya ƙaura zuwa tsibirin Taiwan a 1949. Ga shi kogon kakansu yana hannun wata ɗariƙa, ba a kuwa ji an zare takobi a kai ba.

Yawancin gine-ginen da ake gani yanzu na ƙarshen ƙarni na 19 ne da farkon na 20. A shekarun Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an hana ibada a duk ƙasar Sin, an lalata wurare da yawa, amma mutum-mutumin kogon da allon Sarki sun tsira. A 1983 gwamnati ta sa gidan cikin manyan gidajen ibadar Tawo 21 na ƙasar. A shekara ta 2000 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigar da dutsen Cinceng cikin kayan tarihi na duniya, tare da madatsar ruwa ta Dujiyangyan da take kusa da shi, wadda wani hakimi Li Bing ya gina wajen shekara 256 kafin Miladiyya, har yanzu kuma tana shayar da gonakin Cengdu. Ran 12 ga watan Mayu, 2008, wata babbar girgizar ƙasa ta auka wa lardin, ta kashe mutum kusan 70,000, ta yi wa gine-ginen dutsen ɓarna, daga baya aka gyara su.

Yau masu ziyara suna hawa dutsen dubbai, waɗansu don ibada, waɗansu don kallo. Sukan ƙona turare a bakin kogo, su ɗaura jan ƙyalle kusa da tsohon itacen, su leƙa kwazazzabon su ja da baya. Masu ilmin duwatsu sun ce ruwa ne da motsin ƙasa suka tsaga shi a cikin dubban shekaru, mutanen wurin sun ce alƙalami ne. Abin da ba a gardama a kansa shi ne allon Sarki Shuwanzung: shekara 1,300 ke nan da rubuta shi, daular da ta rubuta shi ta shuɗe, dauloli da yawa sun bi bayanta, amma iyakar da ya ja tana nan, kogon yana hannun waɗanda aka ce a mayar wa.